Akwatin da masu sayen gida ke tsallakewa

A jihar Texas ta Amurka, mai duba gida ba ya rubuta rahotonsa yadda ya ga dama. Hukumar kula da cinikin gidaje ta jihar, TREC, ta tsara fom guda da masu lasisi ke cikewa. Gaban kowane sashe na ginin akwai akwatuna huɗu: an duba, ba a duba ba, babu shi a gidan, akwai matsala.

Idon mai saye kan zarce ne kan na huɗun, kuma ba a ga laifinsa ba. Nan zai tarar da rufin da ke yoyo, bututun da ya yi tsatsa, da tsagar bango. Tsagar nan ba abin wasa ba ce a Dallas ko Houston, inda ƙasar yumɓu ke kumbura da ruwan sama ta tsuke da fari, harsashin gini yana motsi tare da ita. Shi ya sa dole mai duba ya rubuta ra'ayinsa kan lafiyar harsashin. Rahoton kirki ba ya tsayawa a "akwai matsala". Sai ya faɗi wurin, ya kawo hoto, ya ce a kira injiniya ko mai gyaran wuta. Idan an gina gidan tsakanin 1965 da 1973, ya kamata ya faɗi ko wayoyinsa na alminiyom ne, domin mahaɗarsu kan saki ta yi zafi har ta jawo gobara.

Amma akwati na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa. Aikin na ido ne kawai: mai duba ba ya fasa bango, ba ya ɗaga kafet, ba ya janye kabad. In kaya sun toshe ƙofar shiga silin, sai ya rubuta bai shiga ba, ya faɗi dalili. Mai saye da ya ɗauki wannan a matsayin lafiya lau ya sayi kura a cikin buhu.

Wasu abubuwan ma ba sa cikin aikin tun farko. Binciken gara rahotonsa daban, lasisinsa daban. Fenti mai gubar dalma, wanda aka hana a gidajen Amurka a 1978, mai sayarwa ne doka ta ɗora wa bayyana abin da ya sani a kai. Kuɗin gidan kuwa, wannan aikin mai ƙiyasta daraja ne, wanda galibi bankin da zai ba da rance ke turowa.