Ajiyar Kuɗi a Banki

A zamanin da, in mutum ya tara kuɗi, sai ya zuba a tukunya ya binne a ɗaka. Wani sa'i ɓarawo ya tone, wani sa'i mai su ya rasu ba wanda ya san wurin. Yanzu kuwa in manomi ya sayar da sa a kasuwar Mai'aduwa, ya kan kai kuɗin banki a Daura.

Da ya je za a tambaye shi, "Wane irin asusu ka ke so?" Akwai na ajiya, wanda a kan ƙara wa kuɗin ruwa kaɗan. Akwai kuma na 'yan kasuwa, mai littafin cek. Cek takarda ce wadda mai asusu ya ke sa wa hannu, ya umurci banki ya biya wani. Wanda ba ya son kuɗin ruwa ya na iya zuwa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012.

Za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi lambar BVN. Lambar katinsa ta sirri kuwa, ko ma'aikacin banki ba a gaya masa. Duk wanda ya bugo waya ya na nemanta, ɗan damfara ne.

To, in bankin ya karye fa? Tun 1988 aka kafa hukumar NDIC domin wannan. Ita ce ta ke biyan masu ajiya, gwargwadon adadin da aka ƙayyade.