Jirgin Sama na Takarda

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ninke takarda ya yi jirgi da ita ba. Wasu malamai suna ɗaukar wannan shiririta ce. Amma ga mai lura, akwai darasin kimiyya a cikin wasan.

Abubuwa huɗu ne suke aiki a kan kowane jirgin sama, na ƙarfe ne ko na takarda. Nauyi yana jan sa ƙasa. Fukafukai suna karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma ta ɗaga su sama. Iskar da yake ratsawa tana rage masa gudu. Na huɗu shi ne turi. Babban jirgi injinsa ne yake tura shi, na takarda kuwa sai hannun mai jifa. Da zarar ya bar hannu turi ya ƙare, shi ya sa yake gangarowa.

Ku gwada da kanku. Ku ninke jirage biyu iri ɗaya, ku tsaya a kan layi guda, ku jefa kowanne sau biyar. Ku auna nisan, ku rubuta. A cikin aji za ku yi, domin iskar waje tana ɓata lissafi. Daga nan ku lanƙwasa bayan fukafukan jirgi ɗaya zuwa sama kaɗan. Za ku ga hancinsa ya ɗaga. In lanƙwasar ta yi yawa, sai ya haura, ya tsaya cak, ya faɗo. Kada ku canza abu biyu a lokaci guda, don ba za ku gane wanne ne ya kawo bambancin ba.

Irin wannan gwaji Wilbur Wright da ƙanensa Orville suka yi a Amurka. Sana'arsu gyaran keke ce. Sun ƙera wani akwati mai hura iska, suka yi ta gwada ƙananan fukafukai a ciki. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi, ya yi daƙiƙa 12 a sama.

A Nijeriya, Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa, da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage umarnin tashi da sauka. A can Chinyere Kalu ta yi karatu. Ita ce mace ta farko a ƙasar nan da ta zama matuƙiyar jirgin sama, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin.