Shingen Makiyayar Doki

Doki dukiya ne. Wanda zai sake shi ya yi kiwo, wajibi ne ya yi masa shinge mai kyau.

Doki ba kamar saniya ba ne. Fatarsa ba ta da kauri, ga shi da saurin firgita. In ya razana sai ya zabura, ba ya duban gabansa. Saboda haka kada ka sa waya mai ƙaya. Takan yage masa ƙirji da ƙafafu. Ƙasa da kashin dabbobi su shiga raunin, daga nan cutar sandarewar jiki ta kama shi. Wannan cuta ba safai doki yakan tashi daga gare ta ba.

Darnin kara ba shi da ƙarfi, doki yakan cinye shi ko ya ture shi. Kada kuma ka shuka zurma ko bini-da-zugu a shingen, domin 'ya'yansu guba ne.

Abin da ya fi shi ne shingen itace. Nemi dirkoki na ƙirya ko azara, gama gara ba ta cinsu da wuri. Kafa su da zurfi. Gicciya sanduna jeri 3 ta ciki, don kada ya ɓalle su in ya jingina. Tsayin shingen ya kai ƙafa 5, yadda ba zai yi sha'awar tsallakewa ba.

Kowace safiya ka zaga shingen. Ka cire ƙusa, ka sare tsini, ka gyara abin da ya karye.

Rigakafi ya fi magani.