Keken titaniyom: yadda ake sassaƙar bututunsa

Ƴan kasuwa, kun san nauyin keken ɗaukar kaya. A Turai da Amurka akwai wani keke mai tsada da yaro zai iya ɗagawa da hannu guda. Da titaniyom ake ƙera shi, ƙarfen da ba ya tsatsa, nauyinsa kuma bai kai kashi 60 cikin ɗari na baƙin ƙarfe ba.

Ana gauraya shi da alminiyom kashi 3 da banadiyom kashi 2,5, irin haɗin da ake yi wa bututun jirgin sama. Sai a zura sanda mai tauri cikin bututun, inji ya yi ta matsa shi daga waje har ya miƙe ya sirance. Wasu maƙera kuma daga waje suke goge shi. Bakunan biyu, inda walda za ta kama, ana barinsu da kauri wajen milimeta 0,9, tsakiya kuwa a rage ta zuwa 0,6 ko 0,7. Alfred Reynolds na Birmingham a Ingila ya fito da wannan dabara a 1897, don bututun baƙin ƙarfe.

Titaniyom na da taurin kai: in an lanƙwasa shi sai ya nemi komawa, yana kuma cin kayan aiki. Waldarsa sai da iskar argon, in ba haka ba wurin ya tsage. Tsadar ke nan.

Saboda haka in irinsa ya faɗo hannunku cikin gwanjo, kada ku sayar da shi kuɗin tsohon ƙarfe, kada ku labta masa buhun hatsi, kada kuma ku kai shi waldar bakin hanya.