Tuban muzuru ko raunin ɗan Adam? Yadda Katolika ke kallon mai tuba yana komawa

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisunmu, daga Briqueterie ta Yawunde har New-Bell ta Duwala, duk sanda hira ta biyo ta kan maƙwabtanmu 'yan Katolika. Sai ka ji wani ya ce: "Ai su sun huta. Mutum ya tafka ta'asarsa mako guda, ran Asabar ya je ya raɗa wa Fada a kunne, a ce an yafe, Litinin ya ɗora daga inda ya tsaya."

Ni malamin makaranta ne. Da 'yan Katolika na yi zaman aji a kwalejin horon malamai, da su kuma nake koyarwa yanzu. Abin da na fahimta daga karatu da hira da su shi ne, abin da muke ɗauka raha, su da gaske suka ɗauke shi. Sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kai ruwa rana a kan tambaya guda: wanda ya tuba jiya ya koma yau, tubansa na jiya gaskiya ne, ko kuwa tuban muzuru ne, kaza a baki?

Yadda ake yin sa

Furta zunubi a gaban limamin coci, wanda suke kira Fada, ɗaya ne daga cikin manyan ibadodi bakwai na Katolika. Mafi yawan majami'un Furotesta ba sa yin sa a wannan siga, don haka kada a yi wa Kiristoci kuɗin goro. Tun babban taron da aka yi a fadar Lateran ta Roma a 1215 aka wajabta shi aƙalla sau ɗaya a shekara ga duk wanda ya kai shekarun hankali.

Taron Trento na arewacin Italiya, a zamansa na 1551, ya zayyana abubuwa uku da ke kan mai tuba: nadama, furta laifin da baki, da cika aikin gyaran da Fada zai ɗora masa, kamar addu'a, azumi ko sadaka. Nadama ce a gaba. A ma'anar da taron ya ba ta kuwa, baƙin ciki kaɗai bai wadatar ba. Dole a haɗa da ƙyamar abin da aka aikata da ƙudurin barin sa. A koyarwarsu, wanda ya shiga ɗakin furci da niyyar komawa ga babban zunubinsa, ko Fada ya karanta masa kalmomin gafara bai sami komai ba. Ƙarin laifi ma ya ɗauko, na wasa da ibada.

Da can sau ɗaya ne tak

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a ƙarnonin farko ba a san maimaita wannan tuba ba. Wanda ya yi kisan kai, ko zina, ko ya yi ridda, a bainar jama'a yake zaman tuba, wani lokaci shekaru, kuma a wurare da dama sau ɗaya ake ba shi wannan dama a rayuwarsa. Sakamakon haka mutane da yawa suka riƙa jinkirta tuba sai sun ga mutuwa ta ƙarato.

Sufayen ƙasar Ailan ne suka yaɗa furci a asirce tsakanin mutum da Fada, wanda ake iya maimaitawa. Ba a karɓi irin wannan sauyi hannu bibbiyu ba. A 589 taron bishop-bishop a Toledo ta Sifaniya ya yi tir da yadda mutane ke neman a yafe musu duk sanda suka yi zunubi. Amma a hankali sabon tsarin ya yi rinjaye, saboda ya fi dacewa da halin ɗan Adam, wanda tara yake bai cika goma ba.

Masu tsanani da masu sakaci

Buɗe ƙofar maimaitawa ya haifar da sabuwar rigima. A ƙarni na 17, wasu masu tsattsauran ra'ayi a Faransa, mabiya koyarwar wani bishop mai suna Jansen, suka ce a riƙa ja wa mai komawa rai, kada a yafe masa sai ya nuna a aikace cewa ya sake hali. Wasu malaman kuma suka sassauta har abin ya yi yawa. A 1679 Paparoma Innocent na 11 ya haramta jerin ra'ayoyi 65. Ɗaya daga ciki shi ne cewa wai a yafe wa wanda zunubi ya zame masa jiki muddin ya faɗa da baki cewa ya yi nadama, ko da babu alamar zai gyaru.

Wanda ya share hanyar tsakiya shi ne Alphonsus Liguori, tsohon lauya daga yankin Napoli wanda ya zama bishop, ya rasu a 1787. Ya koyar da cewa Fada ya duba ko akwai wani motsi tun furcin baya: faɗuwar ta ragu? Mutumin ya gwada shawarar da aka ba shi? In babu komai sai jiya i yau, ana iya ɗage gafarar na 'yan kwanaki don mutum ya shiga taitayinsa, amma ban da korar da za ta sa ya yanke ƙauna. A 1950 cocin ta ayyana shi a matsayin majiɓincin masu sauraron furci.

Tsoron komawa daban, niyyar komawa daban

A nan ne gundarin maganar yake. A wata wasiƙa ta 1996, Paparoma John Paul na 2 ya bayyana cewa mutum na iya ƙudurta barin zunubi da zuciya ɗaya, alhali sanin rauninsa na sa shi fargabar zai sake faɗuwa, kuma wannan fargabar ba ta rushe ƙudurin matuƙar yana da aniyar yin iya ƙoƙarinsa.

A aji ma muna ganin haka. Yara biyu ne ke makara kullum, kowanne ya ce: "Malam, a yi haƙuri, ba zan ƙara ba." Na farko ya roƙi a riƙa tashin sa da asuba, ya koma ɗebo ruwan gida da yamma, duk da haka wata rana ya makara. Na biyu kuwa tun yana ba ka haƙuri ya san da daren nan ma a gidan kallon ƙwallo zai raba dare. Laifinsu ɗaya, kalmominsu ɗaya, amma kowane malami ya san ba a ma'auni ɗaya za a sa su ba.

To ta yaya Fada zai bambance, tunda ba ya ganin zuci, sau da yawa ma ko fuskar mai magana ba ya gani saboda shamakin da ke tsakaninsu? Alamu biyu ake fi dubawa. Ta farko, ko mutum ya yarda ya rabu da abin da ke kai shi ga laifin. Mashayin da ya ce ya tuba amma ya kafe sai ya ci gaba da zama a mashaya wai don hira, ƙudurinsa da sauran magana. Ta biyu, mayar da haƙƙi. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya fayyace cewa wanda ya yi sata sai ya mayar, wanda ya ɓata sunan wani sai ya wanke shi. Ma'aikacin da ya ci kuɗin jama'a ba zai furta da baki ya ci gaba da kwana a kan kuɗin ba.

In babu dalilin shakka kuwa, dokar cocin ta 1983 ta ce kada a hana gafara, kada kuma a jinkirta ta. Fada ba shi da ikon bin diddigin mutum a waje, domin sirrin furci ba ya fita ko da za a kashe shi, wanda ya tona kuma ya fitar da kansa daga cikin jama'ar coci nan take. Ke nan mai ƙarya na iya yaudarar Fada cikin sauƙi. Amsar da abokan aikina ke bayarwa ita ce, ai ba Fada ne zai yi masa hisabi ba.

Inda muka haɗu, inda muka rabu

Musulmin da ya karanta sharuɗɗan tuba zai ji wasu abubuwan ba baƙi ba ne a kunnensa: nadama, dainawa, ƙudurin rashin komawa, mayar da haƙƙin mutane. Inda muka rabu a fili yake. Mu babu wani ɗan Adam tsakanin bawa da Ubangijinsa a sha'anin gafara, ana ma son mutum ya rufa wa kansa asiri. Su kuma sun yi imani cewa Fada wakili ne da aka ba izinin furta gafarar. Wannan bambanci ne na aƙida, kuma zaman tare bai buƙaci a ɓoye shi ba.

Gaskiya ne akwai masu mayar da furcin al'ada kawai, su kansu limaman suna kokawa da haka. Amma abin da ya fi damun cocin a yau, musamman a Turai, shi ne masu zuwa furcin sun ragu ƙwarai. Shi ya sa a jawabinsa na Lahadin farko bayan zaɓensa a Maris 2013, Paparoma Francis ya ce Allah ba ya gajiya da yafewa, mutane ne ke gajiya da roƙo. Shekara guda bayan haka, a cocin Saint Peter, aka ga ya kauce daga inda aka shirya masa ya zauna ya saurari masu tuba, ya je ya durƙusa gaban wani Fada ya fara furta nasa.