SANDAR FILAFILI: MUGUN HAƊARIN DA KE JIRAN MATUƘAN KATAMARAN IN ISKA TA BIYO BAYA

A ran 26 ga watan Disamba na 2024 ne jiragen ruwa masu tafiya da ƙarfin iska suka tashi daga Sidni ta ƙasar Ostareliya, suka doshi Hobat, a tseren nan na shekara-shekara da aka fara a 1945. Kafin gari ya waye mutum biyu sun rasa rayukansu a jirage biyu dabam-dabam. Ba nutsewa suka yi ba, jiragen kuma ba su kife ba. Ɗaya sandar filafili ce ta buge shi a ka. Ɗayan kuwa igiyar da ke riƙe da sandar ce ta kwashe shi ta maka da na'urar naɗe igiya. A daren nan iska mai ƙarfi tana bayan jiragen, tana tura su kudu. Rabon da a yi rashin rai a tseren tun 1998, shekarar da guguwa ta ci mutum shida.

Jiragen nan biyu masu gangar jiki ɗaya ne, amma abin da ya same su yana jiran duk mai tuƙa katamaran, watau jirgin da a ke yi da tagwayen kwale-kwale a haɗa su da gada a tsakiya. Sunan ya samo asali ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda ya ke nufin itatuwan da aka ɗaure tare. Wani mutumin Kalifoniya ta Amurka, Hobie Alter, shi ya yaɗa ƙaraminsa a duniya da ya fito da Hobie 14 a 1968, sa'an nan Hobie 16 ya biyo baya, wanda aka ƙera fiye da 100,000 irinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Legas ranar hutu, ya yiwu ya hangi irin waɗannan jirage masu filafilai kala-kala na kulob ɗin nan Lagos Yacht Club, wanda aka kafa tun 1932.

To, wace sanda ce wannan? A tsakiyar jirgin akwai dogon jigo a tsaye, shi ke ɗauke da filafili, watau zanen da ke kama iska. A gindin zanen akwai wata sanda a kwance, galibi ta ƙarfen alminiyam, matuƙa na kiranta "bum". Bakinta ɗaya yana maƙale da jigon, ɗaya bakin kuma yana lilo dama da hagu kamar ƙyaure. In jirgi yana fuskantar iska a karkace, a kan ja sandar kusa da tsakiya a ɗaure ta tamau, ba ta da filin yin ɓarna. Amma in iska ta koma baya, sai a sassauta igiya sandar ta buɗe can waje ɗaya. Daga nan fa sai lura. Da zarar matuƙi ya ɗan kauce, ko igiyar ruwa ta murɗa ƙeyar jirgin, ko iskar ta sake hanya kaɗan, sai ta zagayo ta bayan zanen, ta banko shi zuwa ɗaya gefen. Kafin ƙiftawa da bismilla sandar ta share kan jirgin daga wannan gefe zuwa wancan, duk kan da ta tarar a hanya kuwa nata ne.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne daɗin tafiyar. Wanda ke gudu tare da iska ba ya jin ainihin ƙarfinta, domin gudun jirgin yana rage abin da ke bugun fuskarsa. In iska tana gudun mil 25 a awa, jirgi yana yin mil 10, abin da mutum zai ji a jikinsa na mil 15 ne kurum. Sai hira ta ɓarke, wani ya miƙe tsaye ya ɗauko ruwan sha, wani ya ɗaga na'urar ɗaukar hoto. Alhali kuwa ƙarfin da iska ke danna zane da shi ba hawan sannu ya ke yi ba: in gudunta ya ninka biyu, dannarta ninkawa huɗu ta ke yi.

Katamaran yana da nasa halin da ke ƙara wa abin muni. Jirgi mai jiki ɗaya ya kan kwanta gefe in iska ta yi masa yawa, ya zubar da wani ƙarfin, ya kuma faɗakar da mutanen ciki. Katamaran kuwa, musamman babba, a miƙe ya ke tafiya, ba gargaɗi, duk ƙarfin yana ƙarewa ne a kan jigo da igiyoyi. A ƙananan irin su Hobie 16, mutane a kan tamfol ɗin da aka shimfiɗa tsakanin kwale-kwalen biyu su ke zama, sandar kuma tana ƙasa sosai, har sai mutum ya durƙusa kafin ya wuce ta ƙarƙashinta. A manyan da a ke yawon teku da su, an ɗaga sandar sama da rufin ɗaki, sai mutane su saki jiki. Amma wanda ya hau rufin don gyara zane ya shiga hanyarta, kuma daga can faɗuwa ruwa ba wuya. Har ila yau igiyar sandar tana gudu ne a kan wata doguwar hanyar ƙarfe da ta ratsa bayan jirgin, ita ma tana iya karya hannu ko wuya.

Dabarar farko da gogaggu ke koyarwa ita ce kada a sa iska daidai ƙeya. A bar ta ta riƙa shigowa ta bayan kafaɗa, a yi tafiya a karkace, in an jima a juya ɗaya ɓangaren. Hanya ta ƙara tsawo, amma da ya ke katamaran ya fi gudu a haka, sau da yawa shi ke riga isa. Akwai kuma alama: in ƙaramin zanen gaba ya fara yin laushi yana neman tsallakawa ɗaya gefen, jirgi ya kusa bakin haɗari ke nan, sai a ɗan karkata wajen da iska ke fitowa.

In tafiyar mai nisa ce a babban jirgi, a kan ɗaure igiya a ƙarshen sandar, a kai ta goshin jirgi, a zagayo da ita har inda matuƙi zai iya sakinta da hannunsa. Wannan igiya ita ke hana sandar ketarewa. Ɗaura ta a tsakiyar sanda ganganci ne, don sandar na iya karyewa a nan. Wasu kuma na sa birki mai rage mata gudu. Amma fa kada igiya ta sa a yi barci. Ita ma tana tsinkewa. In an zo juyawa da gangan, sai matuƙi ya ɗaga murya ya sanar, ya jira kowa ya amsa, a jawo sandar tsakiya tukuna, sa'an nan a juya a sassauta a hankali. Baƙo kuwa tun a bakin gaɓa ya kamata a nuna masa inda ba a tsayuwa. Rage zane tun hadari bai iso ba shi ma yana cikin lissafi, balle a gaɓar Legas inda guguwar farkon damina da ta ƙarshenta kan taso daga gabas ba sallama.

Hular kwano, wadda da can matuƙa ke ganin kamar abin kunya ce, yanzu ta zama ruwan dare a manyan tseren katamaran. Ita da rigar ceto tare su ke tafiya, domin wanda ya suma ba ya iyo kome gwanintarsa. Éric Tabarly, shahararren matuƙin Faransa da ya ci tseren ketare Atilantika shi kaɗai a 1964 da 1976, sandar saman filafili ce ta ture shi cikin teku da dare a watan Yuni na 1998, kusa da gaɓar Wales, ba ya ɗaure da igiyar tsaro. Sai bayan makonni masunta suka tsamo gawarsa.

In kuwa tsautsayi ya auku, likitoci na jan kunne game da wanda aka buga ya tashi ya ce lafiyarsa lau. Ƙashin gefen kai, daidai saman kunne ta gaba, ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta fashe, mutum na iya yin magana daidai na ɗan lokaci alhali jini yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko yawan gyangyaɗi, ko ruɗewar magana, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, kowanne ya isa a katse tafiya. Sai a kwantar da shi, a tallafe wuyansa kada ya motsa, a sa mutum ɗaya ya zauna kansa, a nemi agaji ta rediyon jirgi, a doshi gaɓar da ta fi kusa da asibiti.