Karamci: Kalmar da Ta Gina Zongo

A kullum mukan ji ana cewa wane mai karamci ne, musamman in ya yi liƙi a wurin biki. To, amma shin iyakar ma'anar kalmar ke nan?

Asalin kalmar daga Larabci ne, wato "karam". Daga nan muka sami "karimi" da "karramawa", da kuma sunan Abdulkarimu. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, a littafinsa Mutumin Kirki na 1974, ya lissafa karamci cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da kunya.

In muka lura da yadda dattawa ke amfani da kalmar, za mu ga ta fi kyauta faɗi. Mutum na iya yin kyauta yana ɗaure fuska, ko ya biyo ta da gori. Karimi kuwa sai ya saki hannu, ya saki fuska, ya kuma buɗe zuciya. Shi ya sa aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya saurari mai saɓa masa ra'ayi har ya kai aya, bai wulaƙanta shi ba, shi ma ya yi karamci, ko da bai fitar da ko sisi ba.

Mu mazauna Zongo mun fi kowa sanin haka. Sunan unguwar kansa daga "zango" ya fito, wato inda ayari ke yada kaya. Fataken goro da ke bi ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja, a gidan fatoma suke sauka, ya ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya nemo musu masu saye. Mu ma a Kwatano baƙi muka zo, 'yan ƙasa suka ba mu wuri.

Yau ga yara na tahowa karatu jami'ar Abomey-Calavi, wadda aka kafa a 1970, ga kuɗin haya ya yi tsada. Ga maƙwabtanmu Fon da Yarabawa, wasu Kirista, wasu masu addinin gargajiya. Yadda muka karɓi ɗalibin, muka kuma zauna da maƙwabcin, shi zai nuna ko mun gaji kalmar. Allah Ya sa mu dace, amin.